Aibin Ɗigo a Cikin Kiristal da Cunkoson Nauyin Daskararrun Abubuwa

Aibin ɗigo shi ne tawayar da ke aukuwa a gurbi guda, ko a gurabe ƙalilan, cikin jerin ƙwayoyin zarra na kiristal. Ƙwaya na iya barin mazauninta, ko ta kutsa inda ba a tanadar mata wuri ba, ko kuma baƙuwa ta zauna a mazaunin ƴar gida. Cunkoson nauyi kuwa shi ne nauyin da abu yake ɗauke da shi a cikin ƙayyadadden girma, ana faɗinsa da giram a kowane santimita kubik. Na ruwa 1 ne, na gishiri 2.16, na ƙarfe 7.87, na zinariya 19.3. Tun da aibi yana rage ko ƙara abin da ke cikin jerin, yana kuma kumbura shi ko ya tsuke shi, dole ya taɓa cunkoson. Yawan taɓawar ne ya bambanta ƙwarai: a wani abin ba a iya auna ta sam, a wani kuma takan haura kashi 10 cikin 100.

A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa ana iya ganin al'amarin a wurare uku, wato maƙera, da masana'antar siminti, da duwatsun Adar.

Lissafin kiristal maras aibi

Mafi yawan daskararrun ma'adinai kiristal ne. Ƙwayoyinsu a jere suke bisa tsari guda mai maimaita kansa ta kowace fuska, kuma ƙaramin ɗakin da ake maimaitawa shi ake kira ɗakin tushe. A 1912 Max von Laue ya nuna a Jamus cewa kiristal yana warwatsa hasken eksire bisa tsari. A 1913 William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka yi amfani da wannan a Ingila wajen gano yadda ƙwayoyin gishiri suke zaune. Daga nan aka samu damar lissafa cunkoson abu ba tare da an ɗora shi a sikeli ba.

Ɗakin tushen gishiri murabba'in akwati ne mai faɗin nanomita 0.564, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A cikinsa akwai sodiyam huɗu da kulorin huɗu. In aka haɗa nauyin waɗannan takwas aka raba da girman ɗakin, sai a samu giram 2.16 a santimita kubik. Wannan shi ne cunkoson lissafi. Wanda ake samu ta hanyar auna gishirin kansa, a iska da kuma cikin ruwan da ba ya narkar da shi, shi ne cunkoson awo. Duk ilimin da ke cikin wannan fanni ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu.

Ire-iren aibin

Yakov Frenkel na Rasha ya bayyana iri na farko a 1926: ƙwaya ta tashi daga mazauninta ta maƙale a wani lungu tsakanin sauran, ta bar giɓi a baya. Carl Wagner da Walter Schottky na Jamus suka shimfiɗa lissafin al'amarin a 1930, daga baya aka laƙaba sunan Schottky ga iri na biyu, inda ƙwayoyin suke barin cikin kiristal gaba ɗaya su koma fatarsa. A gishiri sai dai su fita biyu-biyu, sodiyam ɗaya da kulorin ɗaya, domin cajin lantarkin kiristal ya ci gaba da daidaita.

Sahun sallar Idi ya isa misali. Idan mutum ya bar wurinsa ya matsa tsakanin sahu biyu, jama'a ba ta ragu ba, filin da ta ci ma bai ƙaru ba. Idan kuwa waɗanda suka fita suka koma baya suka ja sabon sahu, yawan mutane yana nan yadda yake, amma filin ya ƙaru. Na farkon shi ne aibin Frenkel, wanda kusan ba ya sauya cunkoso, sai ɗan kumburin da matsin ke haifarwa. Na biyun aibin Schottky ne, shi kuwa yana rage cunkoso. Ana samun na Frenkel a inda ƙwaya ɗaya ta fi ɗayar ƙanƙanta sosai, kamar biromaid ɗin azurfa da ake shafawa a fim ɗin hoto na da. Na Schottky ya fi yawa a gishirin ci da danginsa.

Akwai wasu iri biyu kuma, su na baƙi ne. Baƙuwar ƙwaya ko dai ta maye gurbin ƴar gida, ko ta kutsa lungu in ƙarama ce, kamar yadda kabon yake yi a cikin ƙarfe.

Yawansu da zafi

Babu kiristal maras aibi, domin zafi da kansa yana haifar da giɓi. Kowane giɓi yana buƙatar wani ƙarfi kafin ya samu, kuma gwargwadon hauhawar zafi gwargwadon yadda ƙwayoyi ke samun wannan ƙarfin. Ƙaruwar ba ta tafiya sannu a hankali, ninkawa take yi. A sanholo, wanda ake zuba tukwane da shi, giɓin bai kai ɗaya cikin biliyan ba a zafin rana irin na watan Afrilu a Ƙonni. Dab da narkewarsa a digiri 660 kuwa yakan kusa ɗaya cikin dubu.

Ralph Simmons da Robert Balluffi ne suka auna wannan kai tsaye a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1960. Sun dafa sandar sanholo, suna auna tsawonta da kuma faɗin ɗakin tushenta a lokaci guda. Da babu aibi, da awon biyu sun tafi kafaɗa da kafaɗa. Sai aka ga yayin da zafi ya yi sama, tsawon sandar yana ƙaruwa fiye da faɗin ɗakin. Sandar ta samu sababbin ɗakuna ke nan ba tare da ta samu sababbin ƙwayoyi ba, kuma ninki uku na wannan bambancin shi ne adadin giɓin.

Littattafan sakandare sukan ce aibin Schottky yana rage cunkoson gishiri, su tsaya nan. Maganar gaskiya ce, amma ɗalibi yakan fita da fahimtar da ta zarce gaskiyar. A zafin ɗaki, santimita kubik ɗaya na gishiri yana da ƙwayoyi sama da 10 mai sifiri 22 a bayansa, giɓin Schottky kuwa kimanin miliyan ɗaya ne kacal, wato ɗaya cikin 10 mai sifiri 16. Babu sikelin da zai ga wannan. Idan kantun gishirin Bilma da gishirin Foga suka bambanta a nauyi, ƙasa da kanwa da laima da ramukan iska ne sanadi. Giɓin da ke cikin irin wannan gishirin ma galibinsa na baƙi ne. Kalsiyam yana da caji biyu, sodiyam yana da ɗaya, saboda haka duk kalsiyam ɗin da ya shiga sai ya kori sodiyam biyu, ya zauna a gurbin ɗaya ya bar ɗayan fanko. Nauyin kalsiyam 40 ne, na sodiyam biyu 46, don haka cunkoson yakan ɗan sauka.

Ɓawon ƙarfe a maƙera

Inda ake ganin babban sauyi shi ne a abubuwan da yawan ƙwayoyinsu ba ya bin ƙa'idar da aka rubuta musu. Shahararren misali a duniya yana zube a gindin kowace uwar maƙera. Adar ƙasar maƙera ce tun da daɗewa, har da masu narka tama daga dutse, waɗanda Nicole Echard, masaniyar al'adu daga Faransa, ta yi nazarin aikinsu a shekarun 1960. Yau ƙarfen tsofaffin motoci ya maye gurbin tama, amma abin da ke faruwa a wuta bai sauya ba. Idan maƙeri ya zuga ƙarfe ya yi ja, ya ciro shi da awartaki ya sa masa masaba, wani baƙin ɓawo yakan riƙa tsalle yana zuba. Ɓawon nan hawa uku ne. Na waje himatait, na tsakiya maginatait, na ciki wanda ke manne da ƙarfen kuma ya fi kauri shi ne wustait, mai ɗauke da sunan Fritz Wüst, masanin ƙarfe na Jamus.

A rubuce wustait ƙarfe ɗaya ne da oksijin ɗaya, bisa tsari irin na gishiri. A zahiri ba a samunsa haka a matsin iska na yau da kullum. A kan kowace oksijin 100, ƙarfen yakan kasance tsakanin kimanin 84 da 95. Tambayar da ta taso ita ce: ƙarfe ne ya yi ƙaranci ya bar giɓi, ko oksijin ce ta yi yawa ta kutsa lunguna? Binciken sinadari ba zai raba gardamar ba, domin ta kowace hanya rabon ɗaya ne. Cunkoso ne ya raba ta. A 1933 Eric Jette da Frank Foote suka auna ɗakin tushen wustait da cunkosonsa a Amurka. A wustait mai ƙarfe 93, faɗin ɗakin kimanin nanomita 0.429 ne. In oksijin ce ta kutsa, lissafi ya ba da cunkoso kusan 6.1. In ƙarfe ne ya bar giɓi, kusan 5.7. Awo ya faɗa kusa da 5.7, kuma yana ƙara sauka gwargwadon raguwar ƙarfen. Aka tabbatar giɓi ne.

Abin da ke ba wustait damar jure rashin wannan ƙarfe mai yawa shi ne ƙwayar ƙarfe tana iya ɗaukar caji biyu ko uku. Duk giɓi ɗaya, maƙwabta biyu sukan hau caji uku su cike gurbin lantarkin. A 1969 masu bincike Koch da Cohen suka nuna cewa giɓin ba a warwatse yake ba, yana taruwa gungu-gungu kewaye da ƙwayoyin ƙarfen da suka kauce zuwa lungu. Ta waɗannan giɓin ne ƙarfe ke ratsowa daga ciki zuwa waje ya tarbi iska, shi ya sa ɓawon ke saurin kauri, shi ya sa kuma hauyar da aka daɗe ana mayarwa wuta take ramewa. Ƙasa da digiri 570 wustait ba ya zama daram. In ya huce a hankali sai ya rabu zuwa ƙarfe da maginatait, in ya huce da sauri sai ya daskare da giɓinsa. Haka ake samunsa a cikin tsohon kashin ƙarfe na wuraren da aka taɓa narka tama.

Ƙarfen da ke hannun maƙerin ma yana da nasa labarin. Kabon ƙarami ne, lungu yake shiga, saboda haka mutum zai zaci ƙarin nauyi ne zalla. Amma lungun ya yi masa kaɗan, sai ya ture maƙwabtansa, jerin ya kumbura fiye da nauyin da ya kawo. Shi ya sa ƙarfe mai kabon yake ɗan ƙasa da tsantsar ƙarfe a cunkoso, 7.85 ko ƙasa da haka a maimakon 7.87. Ƙarfe mai zafi sosai yana iya riƙe kabon har kashi 2 cikin 100, mai sanyi kuwa ko kashi 0.02 ba ya kaiwa. Idan aka tsoma jan bakin wuƙa a ruwa, kabon ɗin ba ya samun lokacin fita. Yakan maƙale, jerin ya karkace, wurin ya yi tauri ya kuma kumbura da ƴan kaso cikin ɗari. Bakin ya kumbura, gadon bayan bai bi shi ba, nan ne tsagewa ke fitowa.

Dutsen Malbaza da siminti

Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe yankin da ake kira kwarin Iullemmeden, daga Adar har Sakkwato. Shi ya bar farin dutsen da ake haƙa a Malbaza, inda Nijar take yin siminti tun tsakiyar shekarun 1960, da kuma ɗan'uwansa na Kalambaina a Sakkwato. Ma'adinin da ke cikin dutsen shi ne kalsait, haɗin kalsiyam da kabon da oksijin, mai cunkoso 2.71.

Baƙon da ya fi shiga kalsait shi ne maganiziyam. Nauyin ƙwayarsa 24 ne, na kalsiyam 40, don haka hankali zai ce dutsen zai yi sauƙi. Akasin haka ake gani. Maganiziyam ƙarami ne, ɗakin tushe yakan tsuke a kansa, tsukewar kuma ta rinjayi ragin nauyin. Dolomait, wanda rabin kalsiyam ɗinsa ya koma maganiziyam, cunkosonsa kimanin 2.85 ne, maginasait wanda duka ya koma kuwa 3.0. Ba a iya hukunta tasirin baƙo da nauyinsa kaɗai, sai an haɗa da girmansa. A jar marmarar da ta lulluɓe tuddan Adar lamarin ya bi hankali: sanholo yana iya maye har kusan sulusin ƙarfen da ke cikin gotait, ma'adinin ƙarfen da ake samu a marmarar, ɗakin yana tsukewa kaɗan, amma ragin nauyin ya fi yawa, sai cunkoson ya sauka daga kimanin 4.3.

A tanderun siminti dutsen yakan saki iskar kabon wajen digiri 900, tsantsar kalsait ya rasa kashi 44 cikin 100 na nauyinsa. A digiri 1450 abin da ya rage ya haɗu da yumɓu ya zama kilinka, dunƙulallun tsakuwoyin da ake niƙawa da ɗan jifsum su zama siminti. Manyan ma'adinan kilinka huɗu ne, kuma babu mai tsarki a cikinsu. Alait, wanda ya fi yawa, yana ɗauke da maganiziyam da sanholo da ƙarfe a gurabensa. Iyakar maganiziyam ɗin da kilinka ke iya haɗiyewa ta wannan hanya kimanin kashi 2 cikin 100 ne. Abin da ya haura yakan ware ya zama wani ma'adini daban wanda ke shan ruwa a hankali ya kumbura bayan gini ya bushe, dalilin da ya sa ƙa'idojin siminti suke ƙayyade shi. Ferait kuma, mai ba siminti launin toka, jerinsa yana da giɓin oksijin a shirye bisa tsari, ƙarfe da sanholo suna musayar gurbi a cikinsa, cunkosonsa yana hawa gwargwadon yawan ƙarfen, wajen 3.7.

Belait, shi ma ɗaya daga cikin huɗun, ya fi su ban sha'awa. Yana da siffofi da dama. Wadda ake so tana da cunkoso kusan 3.3, tana kuma kamawa da ruwa. Idan tsantsarsa ne aka bar shi ya huce a hankali, ƙasa da digiri 500 yakan juye zuwa wata siffa mai cunkoso 2.97 wadda kusan ba ta kamawa da ruwa. Juyin yana kumbura shi da kimanin kashi 12 cikin 100, har kilinka ya ruguje ya zama gari da kansa. Saurin sanyaya kilinka da kuma baƙin ƙwayoyin da suka shiga jerin, irin su sanholo da ƙarfe da fotasiyam, su ne ke hana juyin. A nan baƙin ba su sauya cunkoso da nauyinsu ba. Sun riƙe jerin ne a siffar da ta fi cunkoso.

Ya kamata a raba duk wannan da ramukan iska, domin nan ne mai awo ya fi ruɗewa. Ana auna cunkoson garin siminti da kwalbar Le Chatelier, ana zuba shi cikin kananzir saboda ruwa zai kama shi, kuma simintin Fotlan yakan ba da kimanin 3.15. Da wannan lissafi, buhu mai kilo 50 bai kai lita 16 na daskararren abu ba, alhali wurin da yake ci ya kai lita 35. Fiye da rabin buhun iska ne. Haka farin dutse yakan sauka ƙasa da 2.71 sosai saboda ƙofofin da ke jikinsa. Wanda yake neman aibin ɗigo sai ya fara kawar da waɗannan, ya niƙa abin ya yi laushi ko ya samu kiristal guda maras tsaga, in ba haka ba duk giɓin da ya lissafo na iska ne.

Yuraniyam da ɓarnar tururin nukiliya

Shekaru da dama motocin yuraniyam na Arlit, inda aka fara haƙa a 1971, sun riƙa bi ta Tawa da Birnin Ƙonni a hanyarsu ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Abin da ake sarrafa shi ya zama a ƙarshe, wato haɗin yuraniyam ɗaya da oksijin biyu, kishiyar wustait ne. Cunkosonsa na lissafi 10.97 ne, jerinsa yana da manyan lunguna, yana karɓar ƙarin oksijin a cikinsu, ɗakinsa kuma yana ɗan tsukewa maimakon kumbura. Saboda haka cunkosonsa hawa yake yi.

Tururin nukiliya yana fizge ƙwayoyi daga mazauninsu ya haifar da aibin Frenkel da yawan da zafi ba zai taɓa kawowa ba. A nan maganar cewa wannan aibin ba ya taɓa cunkoso takan rushe. Ma'adinin zirkon mai ɗauke da yuraniyam a jikinsa yakan sauka daga 4.7 zuwa kusan 4.0 cikin miliyoyin shekaru, bayan ɓarnar ta taru har jerin ya wargaje. A 1967 masu bincike Cawthorne da Fulton suka gano a tashar Dounreay ta Sikotilan cewa giɓin da ke cikin ƙarfen tukunyar nukiliya yana taruwa ya zama ramuka, ƙarfen ya kumbura.

Silikon

A Nuwamban 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. Mafi yawan faya-fayan da ake irin wannan aiki da su na silikon ne, mai cunkoso 2.33, wanda ake zuba wa boron ko fosfaras da gangan su maye gurabe. A mafi yawan kaurin faifan, baƙin ba su wuce kimanin ɗaya cikin miliyan ba. Wannan ɗan adadi yana ninka gudun lantarki a cikinsa sau dubbai, yayin da cunkosonsa yake nan kusan yadda yake.

Duk da haka akwai inda aka tilasta ƙirga su. Kafin a sake fasalin ma'anar kilogiram a ranar 20 ga Mayu 2019, cibiyoyin awo na ƙasashe da dama sun haɗu sun ƙera dunƙulen silikon-28 mai nauyin kilo ɗaya da faɗin kimanin milimita 94, domin a ƙirga ƙwayoyinsa ta hanyar raba girmansa da girman ɗakin tushe, wanda ke ɗaukar ƙwaya takwas. Daidaiton da ake nema ya kai ƴan kaso cikin miliyan ɗari, saboda haka sai da aka auna kabon da oksijin da boron da suka rage a ciki, aka ƙiyasta giɓin, aka gyara nauyin dunƙulen da su. Gyaran bai wuce ƴan gomomin maikirogiram ba.